Shekarar da Muka Yi Shuka da Igiya

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, mu uku ne zaune a ƙofar gidanmu a Matameye: ni, da taubashina Ila, da Nana 'yar ƙanwata Hajara, wadda ke karatun tattalin arzikin noma a jami'a, ta zo hutu. Ruwan shuka bai sauka ba. Gawo ya fara zubar da ganye tun kwana goma. Kullum bayan la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, iska ta watsa shi kafin magariba. Kowa ya gyara sungumi ya jingine a zaure.

Nana tana nuna mini aikinta a waya. Jerin lambobi ne, wasu da ɗan tauraro ɗaya a gefe, wasu biyu, wasu uku.

"Kawu, mai ukun nan shi ne tabbatacce," in ji ta. "Wato bambancin da aka gani tsakanin gonakin ba dace ba ne. Da gaske yana nan."

Ila ya miƙo wuya ya leƙa. "Ki ƙara masa ɗaya mana, ya zama janar."

Na tambaye ta, a gonar mutum, dami nawa ke nan. Ta yi dariya, ta ce malaminsu ma haka yake tsare su. In ɗalibi ya kawo masa taurari sai ya ce ya ji akwai bambanci, amma girmansa fa, kuma me manomi ya kashe kafin ya same shi. Ta ce amsar tana shafi na gaba. Ila bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya mayar da idonsa gabas. Ya san abin da ya sa na tambaya, domin yana wurin.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ina aiki a gidan rediyo a Damagaram, ina gabatar da shirin manoma, minti goma sha biyar, sau biyu a mako. A cikin bazara aka tura ni Matameye in ɗauko wani taro. Wasu masu binciken noma sun yi damina biyu suna gwaji a gonakin ƙauyukan Kance, sun zo su gaya wa mutane abin da suka samu. Wanda ya yi bayani ana ce masa Mushe Abdu, Mushen Faransanci mai nufin malam, siririn mutum mai tabarau, ba ya ɗaga murya.

Ya ce a kowace gona sun ware fili biyu kusa da juna, iri ɗaya, rana ɗaya. Ɗaya aka shuka yadda muka saba, da awon ƙafa. Ɗayan aka shuka da igiya mai ƙulli, kowane ƙulli rami ɗaya, layi bayan layi, tazara daidai. Da aka girbe aka ɗora a sikeli, a mafi yawan gonakin ɓangaren igiya ya fi nauyi. Ya ce da a gona ɗaya aka gani, da sai a ce ƙasar wurin ce ko tururuwa. Amma abin ya yi ta maimaituwa har lissafi ya ce wannan ba dace ba ne. Ya ƙara da cewa dabarar ba ta cin ko dala, igiya ce kawai. Aka tafa.

Bayan an watse na ja shi inuwar motarsu na kunna na'ura. Na tambaye shi tambayar da na san za a yi mini a gida. Gonar da ke ba da dami sittin, igiya nawa za ta ƙara mata?

Ya zaro bik, ya yi lissafi a bayan takarda. "Dami biyu. In shekara ta yi kyau, uku."

Na ce, lokacin da take ci fa?

"Nan ne ba mu auna ba," in ji shi. "Ma'aikatanmu suka yi shukar, mutum shida a filin da bai wuce tsakar gida ba, ba wanda ya duba agogo. Aikin 'yan gida kuwa ba shi da farashi a takardunmu. Kuma akwai abin da ya fi damuna. Na ga gonakin da aka shuka washegarin ruwa, na ga waɗanda suka kai kwana uku. Abin da ke tsakaninsu wani lokaci ya kai rabin rumbu. Amma gonakin kaɗan ne, wata ta yi sama wata ta yi ƙasa, lissafi ya ƙi tsaya musu, shi ya sa ban faɗa a taro ba. Ƙaramin abu ne ya zo a tsare, babban ya zo a hargitse. Wanda ba shi da hannaye da yawa, kada ya bar danshi ya wuce saboda igiya."

Wannan amsar minti ɗaya ce da sakan goma. Na san tsawonta domin da na koma Damagaram na haɗa shirin, ya fito minti goma sha shida da sakan goma, labarai kuma ba sa jira. Abu uku ne za a iya yankewa: gaisuwar manyan gari, waƙar buɗe shiri, ko ƙarshen maganar Mushe Abdu. Gaisuwar manya ba a taɓa ta, sai dai in mutum yana son a kira shi biro, ofishin shugaba. Kuma haka aka koya mana, shiri ɗaya saƙo ɗaya, in ka sa "amma" a ƙarshe mai sauraro zai tashi bai riƙe komai ba. Na ɗauki reza, na yanke zaren naɗar murya, na liƙe bakin biyu. Duk abin da na bari gaskiya ne. An gwada, an tabbatar, ba ta cin ko dala.

Yayana Haruna ya girme ni da shekara goma sha biyar. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinmu, shi kuma ya bar ni a lakwal, makarantar boko, lokacin da dangi ke cewa a dawo da ni gona. Akwatin rediyonsa a rataye yake a jikin ƙusa a rumfa, in shirina ya zo ko daka ba a yi a gidan. Ya ji shirin. Bai je neman igiyar masu bincike ba. Ya tufka tasa da rama, ya aro awon tela, ya zauna ya ƙulla ƙulli hamsin, ya sassaƙa turaku biyu.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, iri ya yi ƙaranci. Saboda haka Yaya ya ce ba za a yi binne ba, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, domin in yayyafi ya taɓa irin ya tsiro ya mutu, babu na biyu. Sai an ga ruwan shuka. Ɗan'uwanmu Mamman yana Kano cin rani. A lokacin babu waya. In ruwa ya sauka sai a ba direban motar kasuwa saƙo, ya kai tasha, wani ya kai unguwa, mutum ya haɗa kayansa. Kwana uku ko huɗu. Yanzu ruwa na sauka ana ɗaukar hotonsa a tura, kafin asuba samari sun cika mota. Ni na ɗauki hutu na zo, muka zama hannu huɗu: Yaya, ni, matarsa Rabi, da Hajara. Innarmu ta tsufa, nata kawo ruwa ne da fura.

Kwana tara muka yi muna jira. Zafin ya kai inda tabarma ke ƙona baya, ruwan randa ya yi ɗumi, awaki su tsaya jikin katanga baki buɗe. Rabi ta riga ta fara shafe bakin tiya da gefen hannu in tana awon hatsin yini, ba ta barin tozo. Kullum da yamma mu fita bayan gari mu dubi gabas. Ranar Alhamis bayan la'asar iska ta tsaya cak, kaji suka shige. Sai jan bangon ƙura ya taso daga gabas, ƙasa ta rufe gari, bayanta ruwa. Ya yi kamar awa ɗaya da rabi. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan, yara suna ihu a lungu, Inna tana ta hamdala tana tara kwanuka ƙarƙashin indararo.

Da asuba muna gona. Babbar gonarmu tana kan hanyar Tsauni, jigawa ce, rairayi zalla, da gawo bakwai a ciki. Yaya ya durƙusa ya tona da hannu. Danshi ya wuce wuyan hannunsa. A irin wannan ƙasar, wannan kwana biyu ne. Na uku caca ne.

Yadda muka saba, maza biyu su yi gaba da sungumi, taku ɗaya sara ɗaya, ba duƙawa ba waiwaye. Mata su biyo da ƙoƙon iri, su sake da yatsu uku, su rufe da dunduniya. Tafiya ce kawai. Mutum huɗu sukan gama wannan gonar kafin la'asar ta rana ta biyu.

Da igiya abin ya sake. Ni a wannan baki, Hajara a wancan. Mu ja, mu kafa turaku, Yaya ya bi ƙulli yana sara, Rabi ta bi shi da iri. In sun kai ƙarshe mu tuge, mu auna da sanda, mu sake kafawa. Sungumi ɗaya ke aiki maimakon biyu, ƙoƙo ɗaya maimakon biyu. Igiyar rama ta sha raɓa ta miƙe, sai an sake ɗaure ta. In layi ya ci karo da kututturen gawo sai a tsaya ana shawara. Kafin layi na goma na san abin da ke faruwa. Ina da agogo a hannu, kuma aikina ke nan, auna lokaci.

Gonar su Ila ce ke iyaka da tamu. Su bakwai ne, kafin hantsi sun yi nisa har sun zama ƙanana. Masu wucewa a hanya kuwa tsayawa suke yi. "Gonar rediyo ke nan!" Wani dattijo ya sauka daga jaki ya zo ya taɓa ƙullin da hannu, ya ce ya ji a shirin, ashe haka take. Na ga Yaya ya ƙara miƙe wuya.

Da azahar Ila ya zo shan ruwa a bakin iyaka.

"Bawan gidanmu," ya ce da ni, "gero kuke shukawa ko sahun sallar Idi kuke tsayarwa?"

"Je ka ci gaba da watsa naka kamar kashin awaki."

"Nawa dai yana cikin ƙasa. Naka yana cikin ƙoƙo yana jiran a kira sunansa kamar ɗan lakwal."

Hajara ta ƙyalƙyale da dariya daga wancan bakin igiyar. Rabi ba ta yi ba.

Rana ta faɗi mun shuka kashi ɗaya cikin huɗu, ko ƙasa da haka. Layukan sun yi kyau, wannan ba a musu. Bayan magariba Yaya yana wanke ƙafa a bakin rumfa, bai dube ni ba ya ce, "Sun dai tabbatar, ko?"

"Sun tabbatar, Yaya."

"To, shi ke nan."

Amsar gaskiya ce, irin wadda nake bayarwa a aiki. A raina na ce shi ne babba, gonarsa ce, ya fi ni sanin rairayi, in ya ga ba ta yi zai ce a naɗe. Ƙane ba ya tsayar da aikin da wansa ya fara a gaban mata da maƙwabta.

Rana ta biyu ta fito fara, babu ko gajimare. Wata busasshiyar iska ta taso daga yamma. Kafin hantsi fuskar ƙasa ta yi fari, sai an sara ake ganin duhun danshi a ƙasa. Da azahar su Ila suka gama. Ya sallami mutanensa, ya tsallako da sunguminsa a kafaɗa, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya Haruna, ga ni, ga hannu biyu zan kira. Ku naɗe zaren nan mu bi ta da ƙafa, kafin gobe da hantsi an rufe."

"Mun gode, Ila."

"Ƙasa tana bushewa."

"Ina gani." Yaya ya dogara da sungumi. "Duk ƙasar nan an ji muryar yaron nan yana faɗin abin nan. Jiya mutum nawa suka tsaya? Ba a gonata za a fara cewa ƙarya ya yi ba."

Ina tsaye riƙe da turke, taku goma tsakaninmu. Na ji kowace kalma. Ila ya dube ni yana jira. Na duƙa na gyara ƙullin da ba abin da ya same shi.

Inna ta kawo fura. Gawo ya kaɗe, inuwarsa kamar ta raga, muka zauna a hakan. Yaya ya sha ya tafi alwala. Rabi ta matso kusa da ni. Tsakaninmu akwai wasan ƙanin miji, ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Mai baki a akwati."

"Na'am, uwargida."

"Tun jiya kake kallon agogo kamar mai jiran mota. Wannan igiyar taku, in Allah ya kai mu kaka, dami nawa za ta ƙara?"

Ba wanda ya taɓa tambayata da lamba. Na ce, "Biyu. Ko uku."

"A layi nawa?"

"A gonar duka."

Ta ajiye ludayin a hankali cikin ƙwarya. "Dami biyu ai ɓera ma yana ci a rumbu ba mu sani ba." Ta dubi gefen da ba a shuka ba, wanda ya miƙe har gawo na bakwai. "Ka sani tun yaushe?"

"Tun ranar taron."

"To ka gaya wa yayanka. In ni na faɗa, cewa zai yi mace ta gaji."

"Bari a kai ƙarshen wannan ɓangaren."

"Allah ya ba ka baki," in ji ta. "Wai kai ne mai maganar gidan."

Ban faɗa ba sai la'asar. Awa biyu da rabi na ƙara, layi ashirin da wani abu. Da muka idar da salla a bakin gona na ce, "Yaya, akwai abin da mutumin ya faɗa wanda ban sa a shirin ba." Na maimaita masa amsar Mushe Abdu daga farko har ƙarshe, da dami biyun, da ma'aikata shidan, da maganar danshi. Na iya ta da ka, domin sau uku na saurare ta kafin in yanke.

Ya dubi layukan.

"Tun layi na uku na san ba za mu gama ba," ya ce. "Ina jiran ka ce ya isa. Kai ka kawo ta."

"Ni kuma ina jiran ka, Yaya. Kai ne babba."

"A gona ni ne babba. A wannan kai ne."

Ya je ya tuge turken da kansa, ya naɗe igiyar a gwiwar hannu, naɗi mai kyau, ya rataye ta a reshen gawo. Ya ce in ɗauko sungumi na biyu. Muka bi gonar da ƙafa har duhu ya hana ganin rami. Ranar ta ƙare mun ɗan wuce rabi.

Rana ta uku Ila ya zo da mutum biyu, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Kafin azahar mun rufe. Amma ƙasar ta riga ta sake. In ka sara, busasshen rairayi ke gangarawa ya cika ramin kafin mai iri ta iso. Inna, wadda ba ta kama sunan ɗanta na fari, ta tsaya da tulu a kai tana saurare, ta ce da Hajara, "Ki gaya wa wancan, kukan sungumin ya canza." Gaskiya ne. Jiya dum yake yi. Yau sai wani sauti kamar ana zuba gishiri.

Mamman ya iso kwana huɗu bayan ruwan, ya tarar ba abin shukawa. Ni na koma aiki.

Kwana ashirin da biyu ba a sake ruwa a Matameye ba. Na san adadin domin ni ke karanta rahoton ruwan garuruwa kowace safiya. In karanta sunan gari da abin da ya samu, in wuce, namu ba ya cikin takardar. Shukar kwana biyun farko ta riga ta kafa saiwa. Ta nannaɗe ganye, ta yi toka-toka, amma ta rayu. Ta rana ta uku ta samu danshin da ya ishe ta farkawa, bai ishe ta rayuwa ba. Ta fito siririya kamar allura, rana ta ƙone ta. Irin ya tafi.

Da ruwa ya dawo sai aka sake shuka wannan ɓangaren, kuma daga abinci aka ɗebi irin. Yaya ya hau rumbu ya fito da dammunan ƙarshe masu kyau, Rabi ta sussuka, aka kai gona abin da ya kamata ya shiga tukunya. Na zo ƙarshen mako na ga yadda gidan ya koma. Tuwo sau ɗaya, da dare. Furar rana ta zama ruwa-ruwa, kana ganin gindin ƙwarya. Hajara da Rabi su fita da sassafe su dawo da tafasa da yaɗiya, a dafa, a kwaɗa da ɗan gishiri da barkono, ƙuli-ƙuli sai ranar kasuwa. Dusa da ake ba awaki aka fara tankaɗewa ana mayarwa cikin gari. A haka maza suke noma, hauya a hannu tun asuba, su ɗaure ciki da rawani. Albashinmu a shekarun nan ba ya zuwa a kan lokaci. Na kawo garin rogo sau biyu, rabin buhu rabin buhu, ban ga ya yi wani tasiri ba a gida mai baki tara.

Sabuwar shukar tana da kwana shida aka yi hadari mai iska. Rairayin da iskar ta kwaso ya yanke wasu, ya binne wasu. Tsohon geron ya kai gwiwa, bai ji komai ba. Abin da ya tsira daga cikin sabon ya yi ta ƙoƙari, ya yi kara, ya fitar da kai. Yana cikin bununi, ƙwaya ba ta kama ba, ruwa ya ɗauke. Kowace yamma mutane su dubi gabas, sama ta yi wasai. Zangarniyar ta tsaya fara, a miƙe, ba nauyin da zai sa ta sunkuya. In ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da ke saura.

Na zo girbi. Yaya ya sa aka ɗaure na ɓangaren igiya daban. Ya auna faɗinsa da tsawonsa da ƙafa, ya tsallaka gonar Ila ya auna daidai wannan, suka ƙirga tare. Na igiya ya fi da dami ɗaya da ɗan ƙari.

"Ka gani," ya ce da ni. "Mutumin bai yi ƙarya ba."

Babu gatse a muryarsa. Da akwai, da ya fi mini sauƙi. Gonar duka ta ba da dami talatin da huɗu. Ila, da gonarsa ba ta kai tamu ba, ya ɗaure hamsin da ɗaya. Ya aiko da uku a amalanke, ya ce a gaya wa bawan gidansu ladan kallo ne, sun sha kallo bana.

Na haɗu da Mushe Abdu sau ɗaya bayan haka, a bakin wani biro a Damagaram. Ya ce ya saurari shirin, ya yi ta jiran ƙarshen maganarsa sai ya ji kiɗa. Ya ce shi ma a rahotonsa maganar tana shafi na kusa da ƙarshe, bai san ko akwai wanda ya kai wurin ba. Na gaya masa dami talatin da huɗun. Ya cire tabarau ya goge, ya tambayi mutum nawa ne a gidan.

Da aka zuba hatsi a rumbu Rabi ta yi lissafinta na tiya, ta ce ko an matse ba zai kai bazara ba. Mamman dama tafiya yake yi kowace shekara. Wannan karon Yaya ya ce shi ma zai tafi. Shekararsa hamsin da biyu, bai taɓa cin rani ba. Inna ta ce maigida ba ya barin gida, me mutane za su ce.

"Abin da zan ci a wata shida ya kai yara wata guda, Inna," ya ce. "In na samu wani abu can, na aiko."

Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha, da safe, ranar kasuwa. Motar ta cika da samari, 'ya'yan abokansa, suka matsa suka ba shi gefen taga suna sunkuyar da kai. Na tsaya a jikin motar ina neman abin da zan ce. Shi ya riga ni.

"An ce ana kama tasharku a Kano, in da safe ne."

"Ana kamawa, in an juya eriya."

"To ba zan dawo in zauna ina cin hatsi ina jiran hadari ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ka faɗa. Ka faɗi sunan garin sosai. Zan ji."

Ya yi ranin yana tura kurar ruwa a Kano. Geron ya ƙare a rumbu wata biyu kafin damina. Ruwan shuka ya sauka a Matameye ranar Lahadi da yamma. Litinin da safe na faɗa a rediyo, sau biyu na maimaita sunan garin. Ya ji. Ya iso ranar Laraba da azahar, danshi ya wuce. Rabi da Hajara ne suka shuka abin da suka iya, rabin gonar. Daga wannan shekarar bai sake yin rani a gida ba har ya rasu.